Dabon da Bai Yi Sarautar Kano Ba

Yau za mu ɗan ajiye labaran soyayya a gefe, mu leƙa tarihin ƙasarmu.

Babu Bakanon da bai san kalmar nan ta "Kano ta Dabo" ba. Maroƙa na faɗinta, ana rubuta ta a jikin motoci, 'yan ƙwallo ma ba a bar su a baya ba. Amma da wuya ka samu wanda zai gaya maka cewa Dabo biyu aka yi a Kano a zamani ɗaya, kuma wanda ake yi wa kirarin ba shi ne babba a cikinsu ba. Mai kirarin shi ne Ibrahim Dabo, Basulluɓe, wanda ya hau gadon sarauta a 1819 ya rasu a 1846. Ɗayan kuwa shi ne Malam Muhammadu Dabo, shugaban Dambazawa, wanda aka fi sani da Dabon Dambazau. Lokacin da ake lissafa shugabannin jihadi a ƙasar Kano sunansa na cikin sahun farko, alhali takwaransa Ibrahim yana ƙarƙashin Malam Jamo ne. Sau biyu ana neman wanda za a ba Kano yana raye yana kallo, sau biyu kuma ana tsallake shi. To me ya jawo?

Mutanenmu ba sa wahalar da kansu a kan irin wannan tambaya. Za a ce maka rabo ne, rabon kwaɗo kuwa ba ya hawa sama, wanda ba nasa ba ne kuma ko ya yi tsalle ba zai kamo ba. Wannan gaskiya ne, Allah ke ba da mulki ga wanda ya so. Sai dai Allah yakan sanya wa komai sababi, sababin nan kuwa shi nake so mu bi sawunsa.

Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya yi hijira zuwa Gudu a 1804, labari ya iso ƙasar Kano, almajiransa na nan su ma suka yi tasu hijirar zuwa Kwazazzabo, yamma da birni. Alƙali Muhammadu Zangi, wanda ya rubuta labarin wannan yaƙi a zamanin Sarki Abdullahi Maje Ƙarofi, shi ne ya fi kowa adana mana yadda abin ya gudana. Abin da ya kamata mai karatu ya riƙe tun daga nan shi ne, jama'ar Kano ba su fito da shugaba ɗaya ba. A Bauci an san Yakubu ne, a Adamawa an san Modibbo Adama ne. A Kano kuwa gidaje ne suka haɗu, kowane da malaminsa da dakarunsa: Sulluɓawa da Malam Jamo, Joɓawa da Malam Bakatsine, Yolawa da Malam Jibir, Danejawa da Malam Ɗanzabuwa, Dambazawa da Dabo, ga kuma Malam Usman Bahaushe da mutanensa. Shawara suke yi su yanke, babu mai cewa wani tashi ko zauna.

Yaƙin ya ci Ƙaraye, ya biyo ta Tofa da Bichi ya shigo ƙasar arewa. Aka yi babban karo a Ɗanyaya, rundunar Sarki Alwali ta watse. Alwali ya fita daga birni ya nufi Zazzau, daga bisani ya dawo Burumburum, can aka cim masa aka kashe shi. Zuwa 1807 dai an gama da sarautar Haɓe a Kano.

Nan fa aka zo inda gizo ke saƙa. Mutum biyar ko shida sun yi farauta tare, ga giwa a kwance, wa zai ɗauki kai? In aka ba Jamo, Joɓawa za su ce da me ya fi Bakatsine. In aka ba Dabo, Yolawa da Sulluɓawa za su ce ai ba shi kaɗai ya yi yaƙin ba. Sai aka tsallake su gaba ɗaya aka ba Malam Sulaimanu, Bamunduɓe, malami mai tsoron Allah da gudun duniya, wanda ke jan su salla, wanda kuma ba shi da wata runduna tasa da za ta tsorata kowa. Wato dai abin da ya sa aka ga dacewarsa shi ne rashin abin nan da su Dabo suke da shi. A wannan karon ba Dabo kaɗai aka tsallake ba, saboda haka ba za a ce an yi masa wani abu na daban ba. Jarumtar da ta ci Kano ita ce ta hana dukkan jaruman hawa gadonta.

Su ma fa ba su saki jiki da Sulaimanu ba. Littafin nan na Tarihin Kano, wanda Bature Palmer ya fassara zuwa Turanci a 1908, ya nuna cewa da farko manyan Fulani sun hana shi shiga Gidan Rumfa, sai a wani gida ya zauna, har sai da aka aika wa Shehu ya ba da izini sannan ya shiga. Ka ga sarkin da sai an yi masa iso kafin ya shiga gidan sarautarsa, dole ya zauna kullum kunnensa a tsaye.

A cikin irin wannan zama ne Dabon Dambazau ya yi abin da, a ganina, ya rufe masa ƙofa har abada. Ya aika Sakkwato neman aure, kuma aka ba shi. Ba kuma a wani gida ya nema ba, 'yar Shehu ce. Da a littattafanmu na kasuwa ne, da a nan labarin zai fara zaƙi, a sa yarinya kuka, a sa iyaye taurin kai. To wannan aure babu ruwansa da soyayya. Da labari ya kai kunnen Sarki Sulaimanu sai ya tambayi Dabo manufarsa ta tsallake Kano ya je neman aure Sakkwato, ya sa aka kama shi aka ɗaure. Da dare ya yi Dambazawa suka zo suka yanke igiyar suka sake shi, ya gudu Sakkwato, Sulaimanu ya bi bayansa. Suka gurfana gaban Shehu su biyu. A nan Dabo ya janye maganar auren, ya ce shi abin da yake bukata kawai a sulhunta shi da sarkinsa. Aka sulhunta su, suka komo gida. Shehu bai koma Sakkwato da zama ba sai a 1815, ya kuma rasu a 1817, saboda haka in dai a Sakkwato aka yi wannan zama kamar yadda littafin ya kawo, to a cikin shekarun nan biyu ne, wato dab da ƙarshen mulkin Sulaimanu. Raunin bai gama warkewa ba aka zo maganar magaji.

Wani zai ce, to mene ne laifin neman aure? A shari'a babu. Amma mu tsaya a inda Sulaimanu yake tsaye mu duba. Ba shi da dangi masu yawan dawaki, ba shi da tarihin fagen fama. Abu ɗaya ne tak ya ɗora shi a kan su Dabo, shi ne amincewar Shehu. Yau ga mutumin da ya fi shi mayaƙa zai zama surukin Shehun, ya riƙa shiga gidan ba tare da ya bi ta hannun Sarkin Kano ba, gobe 'ya'yansa su tashi jikokin Mujaddadi. Me ya rage wa sarki? Kada kuma mai karatu ya ɗauka tsoron banza ne. Bayan kusan shekara 80, a lokacin yaƙin Basasa, da Yusufu ya rasu a 1894, wanda Yusufawa suka ɗora a gaba shi ne Aliyu Babba, mahaifiyarsa kuwa 'yar Sarkin Musulmi Aliyu Babba ce. Jinin Sakkwato da ke jikinsa na cikin abin da ya ba shi nauyi a kan 'yan'uwansa. Abin da Sulaimanu ya hango ke nan tun ana nesa. Ni dai ban ga alamar Dabo ya yi nufin tawaye ba, domin mai nufin tawaye ba ya gudu wurin alƙali, daji yake shiga. Amma littafin tarihin da aka rubuta a fada da sunan tawaye ya ajiye abin, kuma yadda fada ta fahimci abu shi ke aiki ranar rabon sarauta.

Bari in ɗan fita da ku waje, domin wannan irin tuntuɓe ba a Kano aka fara shi ba. A ƙasar Sin, zamanin daular Han, an yi wani barde mai suna Li Guwang, wanda har yau Sinawa ke buga misali da shi in ana zancen wanda ya cancanta bai samu ba. Ya yi wa sarakuna uku aiki, ya yi karo fiye da 70 da makiyayan arewa da ake kira Shiyongnu, har su abokan gabar suka sa masa suna barde mai tashi sama. Maharbi ne na ƙin ƙarawa, kuma ba ya shan ruwa sai dakarunsa sun sha. Burinsa ɗaya a duniya, a ba shi sarautar da suke kira hou, wadda ake haɗa wa mutum da gidajen talakawa masu biya masa haraji, ɗansa ya gada, kusan dai hakimci a wurinmu. Ɗan'uwansa Li Cai, wanda kowa ya san bai kama ƙafarsa ba, ya samu, har ya zama waziri. Yaran da suka yi aiki a ƙarƙashinsa da dama sun samu. Shi bai samu ba.

Marubucin tarihinsu Sima Ciyan ya kawo dalilai. A tsarinsu ƙidaya ake yi, kawunan abokan gaba nawa ka kawo, mutanenka nawa ka rasa, shi kuwa Li Guwang gwanin tsaron iyaka ne da faɗan gaba da gaba, in aka fita babban yaƙi sai a tashi ko dai an yi kunnen doki ko an yi hasara. A shekara ta 129 kafin haihuwar Annabi Isa (AS) har kama shi aka yi da rauni, ya yi kamar ya mutu, ya faki ido ya haye dokin wani ya tsere, da ya dawo gida aka yanke masa hukuncin kisa saboda rundunar da ya rasa, sai da ya fanshi kansa da dukiya. Akwai kuma mutum 800 da suka miƙa wuya ya yaudare su ya kashe, abin da shi da bakinsa ya ce yana damunsa. Amma dalilin da ya fi kama da namu ya faru ne tun yana saurayi. A shekara ta 154 kafin haihuwar Annabi Isa wasu sarakunan yankuna bakwai suka yi tawaye, Li Guwang ya yi bajinta har ya ƙwato tutar 'yan tawaye. Sai Sarkin Liyang, ƙanen babban sarki, ya ba shi hatimin sarkin yaƙi, shi kuma ya karɓa. Wannan ƙane kuwa shi ne wanda uwarsu ke so a yi wa yarima mai jiran gado. Da aka koma fada aka raba lada, ko allura ba a ba Li Guwang ba. Ya karɓi girma ta wata ƙofa wadda ba ta ubangidansa ba. A yaƙinsa na ƙarshe, shekara ta 119, sarki ya riga ya raɗa wa babban kwamanda Wei Cing cewa tsohon nan ba shi da sa'a, kada a sa shi a gaba. Aka tura shi ta wata doguwar hanya, ya ɓata a hamada, bai iso ba sai da aka gama. Da aka ce ya zo ya yi bayani, ya zare takobinsa ya kashe kansa, yana da shekara sittin da wani abu.

Namu Dabon, alhamdu lillahi, Musulmi ne malami, bai bi wannan mummunar hanya ba. Mu koma Kano.

Sulaimanu ya rasu a 1819. A lokacin Shehu ya riga ya rasu, Muhammadu Bello ke Sarkin Musulmi. Malam Jamo ma ya rasu, Ibrahim ya gaje shi a shugabancin Sulluɓawa, kuma shi ne Galadiman Sulaimanu, wanda yake aikawa da runduna in ta taso. In da tsufa a cikin jihadi ake dubawa, da babu mai ja da Dabon Dambazau. Amma kafin Sulaimanu ya cika ya bar wasiyya zuwa ga Bello cewa Ibrahim yake so ya gaje shi, Bello kuma ya zartar. Kowa ya san ba za a yi tsammanin mutum ya ba da sunan wanda ya taɓa ɗaurewa ba. Shi ma Bello yana da nasa lissafin. Shekara biyu ke nan da hawansa, bai daɗe da fama da tawayen Abdussalami ba, Gobirawa da Kabawa ba su kwanta ba. Abin da yake bukata a Kano, wadda ita ce rumbun daular, shi ne mutumin da zai iya yaƙi amma wanda girmansa daga hannun Sakkwato ya fito. Dabon Dambazau kuwa ya riga ya yi girma tun kafin Bello ya hau, ba wanda zai ce shi ya yi shi.

Hawan Ibrahim Dabo ke da wuya ƙasa ta ɗauki wuta. Tarihin Kano ya lissafa garuruwan da suka juya baya, tun daga Ungogo har Ɗambatta, ga Ƙaraye, ga Birnin Kudu. Sarki ya shiga halwa kwana 40, ya fito ya bi su ɗaya bayan ɗaya, a nan ya samo sunan Cigari. Wanda ya fi ba shi wahala duk a cikinsu shi ne Ɗantunku, shugaban Yarimawa, wanda ya riƙe arewacin Kano.

Wanda bai san wannan yanki ba zai yi mamakin abin da ake faɗa a kai. Ka bi hanyar Daura daga birni, ta Ungogo, ka ratsa ƙasar Minjibir da Makoɗa har Ɗambatta, ba za ka ga daji ba. Gona ce manne da gona, ƙauye na hango ƙauye, gero da dawa da wake da gyaɗa, ga kuka da ɗorawa da gawo an bar su tsaye a tsakiyar gonaki. Ƙasa ce da ba a barinta ta huta, taki ke riƙe da ita, tun zamanin da ake ɗauko shi a mangala a bayan jakuna. Inda mutane suka yi yawa haka nan ne zakka da kuɗin ƙasa suke, nan ne ake samun dakaru, kuma ta nan ayarin Azbin da na Damagaram ke shigowa. Wanda ya riƙe arewa ya riƙe maƙogwaron birni.

Ɗantunku ya ce shi ba ya bin Kano. Hujjarsa, kamar yadda tarihin Kazaure ya riƙe, ita ce shi ma yana da tuta daga hannun Shehu, wadda ya samu saboda hana sarakunan Haɓe na Kano da Katsina da Daura haɗa ƙarfi tun farkon jihadi. Zamanin Sulaimanu an zauna a haka, ba wanda ya matsa wa wani. Ibrahim Dabo kuwa ya ce sai mubaya'a, Ɗantunku ya ƙi.

A nan ne sarki ya yi wata dabara da har yau in na tuna ta nake jinjina masa. Sarautar da ta zauna a hannun Dabon Dambazau ita ce Sarkin Bai. Mai karatu ya lura da sunan. Tun zamanin Muhammadu Rumfa, wanda ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499, Tarihin Kano ya sa wannan sarauta a cikin waɗanda ake ba bayin sarki. Ita aka naɗa wa mutumin da ya so zama surukin Shehu. Sannan sarki ya ɗauki ƙasar arewa, har da duk inda Ɗantunku yake riƙe da shi, ya ce ya ba Sarkin Bai. Kyauta ce babba, ba wanda zai ce an rena shi, amma kyautar tana bakin zaki, sai ka ƙwato ka ci. Mutum biyun da suka fi kowa iya hana sarki barci sai ga shi an haɗa su da juna.

Aka shekara biyar ana gwabzawa. Da farko Ɗantunku ne ke da rinjaye, yana kai hari har kusa da birni, abin da ya sa sarki ya kafa ribaɗi a Fanisau ya riƙa zama can. Bature Clapperton da ya iso Kano a watan Janairu na 1824 a sansani ya samu sarki yana shirin fita, ya kuma rubuta labarin garuruwan da ya gani an mayar kufai saboda wannan rigima. Talakan da ke noma gonakin nan shi ya biya kuɗin gardamar manya. Daga baya ƙarfin Kano ya yi yawa, aka tura Ɗantunku baya zuwa duwatsun Kazaure, har aka ci sansaninsa, shi kuma ya yi musu dirar ba-zata ya kore su. Da kowa ya gaji aka kai magana gaban Sarkin Musulmi Bello, ya yanke cewa Ɗantunku ba ya ƙarƙashin Kano. Ɗantunku ya rasu a 1824, ɗansa Dambo ya gaje shi. Masarautar Kazaure ke nan, wadda ke cikin Jihar Jigawa tun 1991.

To a duba wannan rabo. Wanda ya ƙi mubaya'a ya ja daga shekara biyar ya tashi da masarauta tasa, ƙarama ce amma tasa ce, jikokinsa na kai har gobe. Wanda ya janye maganar aure ya nemi sulhu, ya karɓi rawanin da aka ba shi, ya tsaya a hakimi. Ba ina cewa tawaye ya fi biyayya ba ne. Bambancin shi ne Ɗantunku yana bakin iyaka, ana iya yanka masa gefe a ba shi a huta, kuma yana da tutar da Bello ba zai iya musunta ba. Dabon Dambazau kuwa a tsakiyar gida yake, abin da ya dace da girmansa guda ɗaya ne, gadon Kano, shi kuwa ba ya rabuwa biyu.

Abin da ya rage daga ƙasar arewa a hannun Kano, har da Ɗambatta inda Ɗantunku ya taɓa zama, ya tabbata a gidan Dambazawa. Bayan Turawa sun ci Kano a 1903 suka fitar da hakimai daga birni zuwa gundumomi, Ɗambatta ta zama mazaunin Sarkin Bai. Sarautar da a da ta bayi ce ta koma ɗaya daga cikin huɗun da ke zaɓen Sarkin Kano, tare da Madaki na Yolawa, da Makama na Joɓawa, da Sarkin Dawaki Mai Tuta na gidan Malam Jamo. Wato gidajen nan da aka tsallake tun farko su ne aka damƙa wa zaɓe. Marigayi Sarkin Bai Alhaji Mukhtar Adnan, wanda ya yi kwamishinan ilimi a zamanin Audu Baƙo, an naɗa shi a 1954 ya rasu a 2021. Yana cikin waɗanda suka zauna a 1963 aka fitar da Muhammadu Inuwa, a shekarar kuma aka sake zama aka fitar da Ado Bayero, sannan a 2014 aka fitar da Muhammadu Sanusi na biyu. Dukkan ukun jikokin Ibrahim Dabo ne, kamar kowane sarki da aka naɗa a Kano tun daga 1846.